Kan Tirelar Da Ke Miƙewa Ya Zama Mutum: MP-44 A Kan Teburina, Daga Agege

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Daga Agege nake magana, nan Legas, in kun ji gurnani a bayana janareton maƙwabta ne, ku yi haƙuri da shi.

Yau wani mutum-mutumin wasa na kawo muku, MP-44, kan tirela ne da ake warewa ya zama mutum. Ku matso ku kalli ƙafar nan. A'a, ku kalle ta da kyau. Ina tayoyin? Ɗazun nan wannan abin kan tirela ne ja mai taya shida, huɗu daga cikinsu a nan baya suke, a jikin abin da yanzu ya zama ƙafafu. Ga ƙaurin sumul, shuɗi, kamar ba a taɓa ɗaura masa taya ba. Sun naɗe sun shige ciki, falle ya rufe a kansu. Wallahi duk sanda na yi wannan naɗin sai na tsaya na girgiza kai. Wani ne fa ya zauna a Japan ya lissafa inda kowace taya za ta kwanta ba tare da ta tokare gwiwa ba. Mutanen nan ba su da dama.

Sunansa MP-44, na jerin Masterpiece da kamfanin Takara Tomy ke yi. A Amurka Optimus Prime suke ce masa, a Japan kuma Convoy. Direbobinmu na Apapa za su gane ƙirar kan motar da kallo ɗaya: marar hanci ne, direba a saman inji, irin zubin DAF, ba irin Mack mai dogon baki ba. Asalinsa tsoho ne. Takara ta fara jerin kayan wasa na Diaclone a 1980, kamfanin Hasbro na Amurka ya gani ya sayi izini, a 1984 aka fito da su da sunan Transformers. Yaran da suka yi wasa da su a lokacin su ne suka girma suka kama aiki suka samu kuɗi, sai aka ce to bari a yi musu na manya. Haka Masterpiece ya samu a 2003 da MP-1, wani ƙato mai tsawon kusan santimita 30, jikinsa da ƙarfen zubi mai yawa, in ya faɗo maka a ƙafa sai ka ji a jikinka. A 2011 aka yi MP-10, ya fi ƙanƙanta, ya fi sauƙin sarrafawa. Wannan na hannuna shi ne na uku, ya fito a 2019.

Kuɗinsa? Yen 50,000 aka sa masa a Japan kafin haraji, a Amurka kusan dala 450. Ku buga da canjin yau da kanku, ni ba zan faɗa da bakina ba, saboda Hajiya na kallon bidiyon nan daga Kano. MP-10 da ya gabace shi rabin wannan ma bai kai ba.

To mene ne a ciki da har ya kai haka? Bodin tirelar na nan, yana buɗewa biyu ya zama wurin gyara. Akwai 'yar mota mai taya shida da ke fitowa daga ciki, Roller. Akwai bindigarsa, da gatarin nan mai ruwan lemo da ake maƙalawa a hannu, da kawunan canji har da wanda aka yi masa tabon faɗa, da 'yan mutane uku ƙanana masu motsa hannu da ƙafa. A ƙirjinsa, in ka buɗe gilasan nan biyu, ga abin da suke kira Matrix a zaune. Jakar bayansa kuma tana magana in ka sa batir. Gaskiya jakar nan ita ce abin da na fi ƙi a jikinsa. Ta yi tudu da yawa, daga gefe sai ka ga kamar ya goyo kaya. Daga gaba kuwa, tubarkalla. Kafaɗa na shigowa ciki, ciki na lanƙwasawa, yatsu na motsi, zai iya durƙusawa da gwiwa ɗaya ya tsaya ba tare da ka tallafe shi ba. Ku saurari wannan. Ƙas, ƙas, ƙas. Haƙoran gaɓa ne da sifirin a bayansu, su ke riƙe nauyinsa a duk yadda ka tsayar da shi.

Yanzu ku buɗe kunne, domin a nan ake kuka. Gwiwar nan gaɓa biyu gare ta, ta sama da ta ƙasa, kuma tun shekarar da ya fito masu tarawa ke gargaɗin juna a kanta. Kada ka kama tafin ƙafa ka ja baya kamar mai karya rake. Tsawon ƙafar zai ninka ƙarfin hannunka, duk nauyin ya tafi kan 'yar robar da ke riƙe haƙoran. Ka sa babban yatsa dab da gaɓar, ɗaya hannun ya riƙe cinya, ka tafi ƙas ɗaya ƙas ɗaya. In ta cije, tsaya. Ka mayar da ita, ka duba ko wani falle ne ya tare hanya. Idan ka ga farin layi ya fito a jikin shuɗiyar roba, to robar ta gaji ke nan, saura ƙiris ta tsage, kuma farin nan ba datti ba ne da za ka goge.

Abu na biyu fenti. Kusan duk jikinsa fenti ne aka fesa, shi ya sa jan nan yake ɗaukar ido haka, amma fenti a kan abin da ake naɗewa ana warewa dole ya ci karo da ɗan uwansa. Inda falle ke goga falle, nan yake fara ɓarewa. Saboda haka kafin ka taɓa shi: yanke farce, wanke hannu, musamman in ka ci abinci mai manja ko ka shafa mai. Shimfiɗa tawul a kan tebur. Cire bindiga da duk wani abin da ke maƙale. Takardar bayanin da Japananci take, amma zane ne mataki-mataki, za ka iya bi, sai dai zanen ƙanana ne kuma wani lokacin kibiyar ba ta nuna maka wanne ne zai fara wucewa. Nemi bidiyon wanda ya iya, ka rage masa gudu zuwa rabi. Karon farko ka ware awa guda, kada ka yi shi ana jiranka a waje. Ƙirjin ne wurin da ya fi rikici, domin gaban motar kusan juye shi ake yi ciki ya koma waje, kuma in ka tsallake mataki ɗaya, na biyar a gaba ba zai rufu ba. Da ka ji kana buƙatar ƙarfi, kuskure na baya, ba na gaba ba. Wurin raba fallen da ya maƙale kuma kada ka sa wuƙa ko sukudireba, ka yanki tsohon katin waya na roba ka zura a hankali.

Kai, wani lokacin in ina wannan aikin sai in tuna motar kara da yara ke ƙerawa a gida bayan girbi, da tayar murfin kwalba. Yanzu haka can an fara sanyi, ana ta ƙosai da kunun tsamiya da safe, mu kuwa muna nan muna gumi. Bari dai mu ci gaba.

Zancen gumin ma shi ya kawo mu babbar matsalar, wadda Bature mai bita a bidiyo ba zai faɗa maka ba don bai san ta ba: iskar Legas. A Arewa ƙura ce abokiyar gaba, burushi mai laushi irin na kwalliyar mata ya ishe ka. A nan danshi ne da gishirin teku. Da damina, musamman Yuni da Yuli, danshin iska kan haura kashi 80 cikin 100. Sukurori da filolin ƙarfen da ke cikin gaɓoɓi su ke fara tsatsa, tsatsar ta sa gaɓa ta cije, kai kuma ka sa ƙarfi, ka san sauran. Sassan da ke ƙyalli kamar azurfa, salansa biyun nan na kafaɗa da bamba, suna dusashewa su yi ɗigo-ɗigo. Kwalin kuwa fumfuna ce ke cinye shi, kuma a wurin masu tarawa kwali kuɗi ne, ranar sayarwa za ka gane.

Abin da za ka yi: shogilas mai rufuwa ruf, ba kanta a buɗe ba. Ka zuba ƙwayoyin silika masu shan danshi a ciki, ka nemi masu canja launi, shuɗi ya koma ruwan hoda ko ruwan lemo ya koma kore, da sun canja sun ƙoshi, sai ka gasa su a oban a zafin digiri 120 na awa ɗaya zuwa biyu su dawo. Ka sa ɗan agogon auna danshi a ciki, ka riƙe shi wajen kashi 50. Kada shogilas ya jingina da bangon da ke jiƙewa, kada ya kalli taga, domin rana na mayar da farar roba da ruwan toka su yi rawaya, ja kuma ya koɗe. Kwali ka ɗaga shi daga ƙasa, ko ba ka unguwar da ruwa ke shiga gida. Batir kuwa, don Allah, in ka gama jin maganarsa ka cire. Ƙananan nan irin na agogo in suka daɗe a zafi sai su yi yoyo, su ci ƙarfen da ke ciki, muryar ta tafi ke nan.

Kuma kada wani ya ba ka shawarar bakanike. Man inji, man birki, man feshin kwance tsatsa, duk suna iya lalata roba, ta yi laushi ko ta tsattsage daga baya. Gaɓar da ta cije man silikon take so, ɗigo ɗaya a bakin tsinken sakace. Wadda ta saki kuma, ɗan man goge daɓe mai ruwa-ruwa irin na akirilik, ka ɗiga, ka yi ta motsa gaɓar har ya bushe. Ruwan goge jan farce narka robar yake yi nan take. Sufa gulu kusa da gilashi hazo yake bari wanda ba ya fita. Sukurorin kuma ƙirar Japan ce, JIS, suna kama da na kuros da muka sani amma ba ɗaya ba ne, sukudireban kasuwa na iya cinye musu kai, sai ka rasa yadda za ka buɗe.

Wajen kawo shi Najeriya ma akwai tarko. Kamfanonin aike ta jirgin sama ba nauyin sikeli kaɗai suke dubawa ba, har da girman kwali. Tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5,000. A ce kwalin da aka zuba shi ciki 50 ne da 40 da 30, kilo 12 ke nan za a caje ka ko da abin bai kai rabin haka ba, ga kuɗin fito na kwastan yana jiranka. In kana da ɗan uwa mai dawowa daga Japan ko Dubai ko China, roƙe shi, amma ka ce masa kada ya yar da kwalin don rage kaya.

Gargaɗi na musamman kan abokin gabarsa Megatron, MP-36 na 2017. Shi ba mota yake zama ba, bindigar hannu yake zama, ƙirar Walther P38, kuma ta yi kama sosai. A Amurka ma sai da toshe mai ruwan lemo a baki ake shigar da shi. Ni ba zan sa wa kowa shi a jaka ba, kuma ba zan hau gadar Third Mainland da shi a mota ba. Tsaya yi wa mai binciken hanya bayanin cewa mutum-mutumi ne ka gani.

Sai jabu. Iri biyu ne mutane ke haɗawa. Akwai kwafi tsagwaron, an ɗauki na asali an zuba irinsa har kwali. Alamarsa farashin da ya yi daɗi fiye da kima, rubutun kwali da ya ɗan yi dishi-dishi, fenti mai kauri a kusurwa, gaɓoɓi wasu sako-sako wasu kamar an yi musu walda. Akwai kuma kamfanoni masu zana nasu daban ba tare da lasisi ba, irin Magic Square da MS-01 ɗinsu, ko Transform Element da TE-01. Waɗannan ba kwafi ba ne, sun fi araha nesa, bayansu ma ya fi na wannan kyau, sai dai ba su da sunan. In za ka sayi gwanjo a intanet, ka ce a turo maka bidiyo ana tanƙwara gwiwa biyun, da hoton gefen fallayen ƙirji a haske. Wanda ya ƙi, bar masa kayansa.

Na san za a ce me ya sa ban sayi na kamfanin Robosen ba, wanda ya fito a 2021, mai injina 27 a ciki, ka yi masa magana ya miƙe da kansa, wajen dala 700 a lokacin. Abin kallo ne, ban musa ba. Amma in abin zai naɗe kansa, ni mene ne aikina? Ga batirin litiyam da ke ƙara wahalar aike, ga caji a garin da wuta ke zuwa sanda ta ga dama. A bar ni da ƙas-ƙas ɗina.

Masu tambayar hukuncin ajiye irin wannan a ɗaki, ni ba malami ba ne, ku je wurin malamanku. Masu ƙananan yara kuwa wannan na sani: 'yan shekara 15 zuwa sama aka rubuta a kwalin, akwai sassan da yaro zai iya haɗiyewa, shogilas ɗinka ya zama mai makulli.

In za ka bar shi ya daɗe a tsaye, miƙe masa ƙafafu, tafin ƙafa biyu su kwanta daidai, kada ka bar shi a durƙushe wata da watanni nauyi na kan gwiwa ɗaya. Bindigar ma cire ta daga hannu, tana buɗe yatsu su saki. Bari in mayar da shi mota kafin hasken nan ya tafi, kafaɗa zan fara, ku duba inda babban yatsana yake. Sai mun haɗu a na gaba, a gaishe min da mutanen gida.