Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Albarkatun Ruwa a Ziyararsa Garin Nguru

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu.

Mai Martaba Sarkin Nguru, Allah ya ƙara maka nasara. Mai Girma Minista, iyayen ƙasa, malamai da sauran jama'a, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, sannu da hanya. Labarin aikinka ya riga ka isowa, ba sai mun tsaya lissafi ba. Manoma da masunta da makiyayan wannan dausayi ne suka aiko mu, bakinsu kuwa ɗaya: a yashe mana hanyoyin ruwa, a raba mu da ciyawar kachalla, kafin damina ta faɗi.

Iyayenmu sun san ruwan nan kamar yunwar cikinsu. Idan kogin Haɗejiya da na Jama'are suka kawo, a shuka shinkafa. Ruwa na ja da baya, manomi na bin danshi da wake, masunci na kan gorarsa, Bafulatani ya sauko da shanu su ci kiwon rani su bar taki. Fadama ɗaya, gida uku take ciyarwa a shekara. A farin 1973 da na 1984, da tudu ya ƙone, fadamar nan ce ta rufa wa jama'a asiri, har da baƙi daga Nijar. Ba banza ba a shekarar 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama dausayi na farko a Nijeriya da ya shiga jerin Ramsar, wato jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya.

Sai aka gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, duka a jihar Kano, a saman ruwan da ke zuwa mana. Ba ma ƙyashin 'yan'uwanmu na Kano, Allah ya sa musu albarka a nomansu. Amma mu ba a shawarce mu ba. Ambaliyar da muka saba da lokacinta ta ragu, magudanan da a da rani ke busar da su suka daina bushewa, kachalla ta samu gindin zama. Yau ta fi tsayin mutum. Ta toshe hanyar ruwa ta Burum Gana, ruwa ya karkato Marma: mu yana cinye mana gonaki, na ƙasa da mu suna kukan ƙishirwa. Cikin kachallar tsuntsu jan-baki ke kwana, da asuba ya sauka a shinkafa, yara na kaɗa gwangwani har muryarsu ta dishe.

Ba mu zauna ba. Matasanmu na shiga ruwa iya ƙirji da adda da lauje, aikin gayya. Su sare bana, baɗi ta dawo. Hannu ya gaza, sai inji.

Muna kuma roƙon a riƙa sanar da mu kafin a saki ruwan madatsa. Amma yasa, ranka ya daɗe, yasa ita ce gaba da komai. Kwale-kwale na jiranka a bakin Marma bayan la'asar, ka gani da idonka.

Allah ya mayar da kai gida lafiya. Wassalamu alaikum.