Ƙwayar Maganin Sankarar Huhu: Me Ya Sa Take Yi Wa Wani Aiki, Ta Ƙi Yi Wa Wani?

[Hoto: yatsa na zazzaga saƙonni a waya, ya tsaya a kan hotunan huhu guda biyu]

Wannan saƙon na san ya shigo wayoyin da yawa daga cikinku. Hoton huhu biyu, ɗaya ƙari ya cika shi, ɗayan ya washe, a ƙasa an rubuta cewa an gano ƙwayar magani ɗaya tal, a sha sau ɗaya a rana, sankarar huhu ta kama gabanta. Daga nan tambayoyi suka yi ta zuwar mana: meye sunanta, a wane kemis ake samu, nawa ne kwalin?

Jama'a, maganin akwai shi, kuma irin wannan hoton yana faruwa da gaske. Amma akwai mataki ɗaya da mai saƙon ya tsallake, kuma wanda ya tsallake shi zai iya sayar da gona ya sayi maganin da ba zai yi masa komai ba. A kan matakin nan za mu daɗe. Sauran, a guje za mu bi ta kansu.

[Hoto: taswirar duniya, alƙaluma na bayyana]

A gurguje. A shekarar 2022 mutum kusan miliyan 2.5 aka gano suna da sankarar huhu a duniya, kusan miliyan 1.8 suka rasu. Babu sankarar da ta kai ta kisa. Iri biyu ne manya: mai ƙananan ƙwayoyin halitta, da wadda ba ita ba. Ta biyun ita ce kusan kashi 85 cikin 100, kuma a cikinta ne maganganunmu na yau suke, musamman reshen da likitoci ke kira adenokasinoma. Idan kuma aka ce ciwo ya kai mataki na 4, ana nufin ya bar inda ya fara, ya kai ƙashi, hanta, ƙwaƙwalwa ko ɗaya huhun, tiyata ba za ta iya kwashe shi duka ba.

[Zane mai motsi: ƙwayar halitta, da ɗan makunni a jikin bangonta]

Kowace ƙwayar halitta a jikinka tana da makunni. Idan jiki na bukatar sabbin ƙwayoyi, a kunna, ta rabu biyu, a kashe. Ɗaya daga cikin makunnan nan sunansa EGFR. A wasu masu sankarar huhu, kuskure ne ya shiga rubutun DNA ɗin da ke ƙera wannan makunnin, sai ya maƙale a kunne. Ba dare ba rana, ƙwayar na ta rabuwa. Abin da ƙwayar maganin ke yi shi ne ta je ta toshe wannan makunnin da ya maƙale. Shi kenan aikinta.

To ku riƙe wannan: idan ciwon mutum ba ta wannan makunnin yake cin wuta ba, ka toshe shi daga nan har gobe, ciwon bai ma san kana yi ba.

[Hoto: tsofaffin kwalayen magani, shekaru na wucewa a ƙasan allo]

Likitocin ma sai da suka sha wuya kafin su gane. Maganin farko na wannan layi, gefitinib, an amince da shi a Japan a 2002, a Amurka a 2003. Aka riƙa ba kowa. Mutane ƙalilan suka miƙe daga gado kamar ba su ba, mafi yawa kuwa shiru. Har ta kai a 2005 hukumar magunguna ta Amurka ta taƙaita amfani da shi. Amma tun a 2004 masu bincike a Boston da New York sun leƙa cikin ƙarin waɗanda suka samu sauƙi, suka tarar kusan dukkansu suna da wannan sauyi na EGFR.

Sai babban gwajin da aka yi a gabashin Asiya, mai suna IPASS, wanda Farfesa Tony Mok na Hong Kong ya jagoranta, aka fitar da sakamakonsa a 2009. Marasa lafiya sama da 1,200. Ku kalli allon nan da kyau.

[Allo: ginshiƙai biyu, ɗaya dogo, ɗaya da ƙyar ake ganinsa]

Waɗanda ke da sauyin EGFR, aka ba su gefitinib: ƙari ya motse a jikin kashi 71 cikin 100. Waɗanda ba su da sauyin, aka ba su ƙwaya iri ɗaya: kashi 1. Ɗaya tal. Marasa sauyin da aka yi wa kemo, wato ƙarin ruwan nan na sankara da mutane ke tsoro, kusan kashi 23 ne suka ga ƙari ya ragu. Ma'ana wanda ba shi da sauyin, idan ya gudu daga kemo ya kama ƙwaya, baya ya ci.

Bari editanmu ya bar hoton nan ya ɗan daɗe, don ni a ganina duk bidiyon nan babu abin da ya kai shi.

[Hoto: ɗakin gwaje-gwaje, hannu sanye da safa na riƙe da ɗan gilashi]

Saboda haka matakin da aka tsallake shi ne gwaji. Kuma a nan ne ruɗanin yake.

Da zarar an ce gwajin DNA, hankalin mutanenmu sai ya tafi kan gwajin da ake yi kafin aure, na AA da AS da SS. Wata baiwar Allah ta rubuto mana tana cewa an ce mahaifinta na da sauyin EGFR, shin ita da ƙannenta su je a auna su? Hajiya, kwantar da hankalinki. Wancan na sikila daga uwa da uba ake ɗaukowa, yana cikin kowace ƙwayar halitta ta jiki tun daga ciki. Wannan kuwa a cikin ƙarin yake. Kuskure ne da ya faru a wani lungu na huhu bayan mutum ya girma. A auna fatar Baba ko gashinsa, ba za a gan shi ba. Bai gada ba, kuma bai gadar muku ba. Akwai wasu iyalai 'yan ƙalilan a duniya da ake samun wani nau'in sauyin a jininsu, amma wannan abu ne da ba safai ba, kuma likita kan yi zarginsa ne idan ya ga mutane da dama a gida ɗaya sun kamu.

Tunda a cikin ƙarin yake, dole sai an samo ɗan yankin ƙarin.

[Zane: siririn bututu mai kyamara na bi ta maƙogwaro, sai allura na shiga ta ƙirji]

Ko a zura siririn bututu ta hanci ko baki zuwa huhu, ko a bi da allura ta ƙirji ana kallon hoton sikanin, ko a ja ruwan da ya taru a gefen huhu. Abin da ake cirowa ɗan mitsitsi ne. Na san maganar da ke zuwa: ai idan ƙarfe ya taɓa daji sai ya fusata ya bazu. Wannan magana ta hana mutane da yawa sanin abin da ke damunsu. Gaskiyar ita ce galibi ana zuwa asibiti ne bayan ciwon ya riga ya bazu, sai a yi gwajin, sai jiki ya ci gaba da lalacewa, sai a ɗora wa allura laifi. Allurar na da nata haɗarin, iska na iya shiga gefen huhu ko a ɗan zubar da jini, kuma likita zai faɗa maka. Amma ba ita ke yaɗa ciwon ba.

Yankin nan aiki biyu ake yi da shi, kuma mutane kan ɗauka ɗaya ne. Na farko, a duba a madubin likita a ce e, sankara ce, kuma ga irinta. Takardar farko kenan. Da yawa daga nan suke tsayawa, su ɗauki takardar su nufi kemis. Wannan takarda ba ta ce komai a kan makunni ba. Aiki na biyu shi ne a karanta DNA ɗin ƙarin, kuma sau da yawa sai an tura samfurin wani babban ɗakin gwaji, wani lokaci ma wata ƙasa. Yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku.

[Hoto: takardar sakamako, ana zagaye layuka da jan biro]

Ga yadda ta biyun take. Ba za ta tsaya ga cewa akwai ko babu ba, za ta faɗi wane makunni ne, kuma a ina ya lalace. Idan ka ga an rubuta Exon 19 ko L858R, waɗannan biyun su ne kusan kashi 85 zuwa 90 na sauye-sauyen EGFR, kuma su ne ƙwayoyin maganin suka fi kamawa. Idan ka ga Exon 20, sunan gidan ɗaya ne amma yawancin ƙwayoyin nan ba sa cin sa, maganinsa daban ne.

Kuma EGFR ba shi kaɗai ba ne. Akwai ALK, wanda Hiroyuki Mano da abokan aikinsa suka gano a sankarar huhu a Japan a 2007, ana samunsa a kashi 3 zuwa 5, sau da yawa a masu ƙarancin shekaru da ba su taɓa shan taba ba. Akwai ROS1, kashi 1 zuwa 2. Akwai KRAS, wanda ya fi yawa a mashaya taba, shekara da shekaru ya gagari masu haɗa magani sai a 2021 aka samu na farko, sotorasib. Kowanne da nasa. Maganin EGFR ba ya yi wa mai ALK aiki. Don haka maganar maƙwabcinmu ya sha ya samu sauƙi, a karɓo mana ragowar, ba ta taso ba.

Wani zai ce, to ni ban taɓa shan taba ba, ai tabbas ina da shi. A'a. Gaskiya ne an fi samun EGFR a mata, da waɗanda ba sa shan taba, da mutanen gabashin Asiya, inda yake kai kusan rabin masu adenokasinoma, alhali a Turai da Amurka kashi 10 zuwa 15 ne. Amma ku tuna mutanen IPASS ɗin nan duka 'yan Asiya ne, kusan dukkansu ba mashaya taba ba, kuma duk da haka cikin waɗanda aka auna, kusan 4 cikin 10 ba su da shi. Ba a gane shi a fuska.

[Hoto: ana ɗibar jini a hannu]

Na jini fa? Akwai. Ƙari kan zubar da ɓurɓushin DNA a cikin jini, kuma tun 2016 aka amince da gwajin da ke tsinto shi a Amurka. Idan ya ce akwai, an yarda, a fara magani. Idan ya ce babu, ba a gama ba, domin wani ƙarin ba ya zubar da abin da zai isa a gani. Sai an koma ga nama.

Jiran sakamakon nan shi ne ya fi ci wa iyali rai. Mutum na tari, kowa na cewa a yi wani abu mana. Idan jiki ya matsa, likita na iya fara kemo kafin takarda ta iso. Amma akwai dalilin da ya sa ba ya gaggawar fara maganin nan mai zaburar da garkuwar jiki: ba ya cika yi wa masu EGFR da ALK aiki, kuma idan aka bi bayansa da osimertinib, ɗaya daga cikin ƙwayoyin maganin EGFR, haɗarin kumburin huhu na ƙaruwa. Sauri ya haifi nawa.

[Hotuna na sauri: kwalaye, sunaye na wucewa]

Saura a guje, don hotunanmu ma sun kusa ƙarewa.

Shin yana warkarwa? A mataki na 4, a'a. Yana danne ciwo, wani lokaci shekaru. Osimertinib, wanda aka fi farawa da shi yanzu ga masu EGFR, a gwajin FLAURA ya riƙe ciwo kimanin wata 19, tsofaffin magungunan kuma wata 10, kuma ya fi su shiga ƙwaƙwalwa. A ɓangaren ALK, sakamakon 2024 ya nuna kashi 60 na masu shan lorlatinib sun kai shekara 5 ciwon bai motsa ba. Wanda ya san yadda abin yake shekara ashirin baya zai ce wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Me ya sa yake daina aiki? Ƙarin ne ke sake sauyawa. A tsofaffin magungunan, kusan rabin waɗanda ciwonsu ya dawo wani sabon sauyi ne mai suna T790M, kuma saboda shi aka fara ƙera osimertinib. Don haka idan ciwo ya dawo, sau da yawa sai an sake gwaji. E, wani gwajin kuma.

Illa? Ƙuraje a fuska da ƙirji, gudawa, bushewar fata, ciwo a gefen farce. Sabon tari ko numfashi sama-sama kuwa, asibiti a ranar, ba a jira. Kuma ba a dainawa don an ji sauƙi.

Kuɗi? Sababbin suna da tsada ƙwarai. Tsofaffin, gefitinib da erlotinib, yanzu kamfanoni da dama na yin su, farashi ya sauko, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka erlotinib a jerin muhimman magunguna. A bi ta asibiti a saya, a bar na hannun 'yan intanet.

[Hoto: katin shan maganin tarin fuka a kan tebur]

Abu na ƙarshe, kuma ya shafe mu kai tsaye. A wajenmu mai tari da rama da tofar da jini, tarin fuka ake fara zargi, kuma da dalili. Amma wanda ya yi watanni yana shan maganin tibi babu sauƙi, musamman idan gwajin majina bai taɓa nuna ƙwayar cutar ba, a koma a nemi hoton sikanin ƙirji. Idan kuma mutum na da duka biyun, likitan sankara ya sani tun ranar farko, domin rifampicin, maganin tarin fukan nan da ke sa fitsari ya yi ja, yana sa hanta ta ƙone yawancin ƙwayoyin maganin sankarar nan kafin su yi aiki. Magungunan olsa irin su omeprazole ma suna hana gefitinib da erlotinib shiga jiki yadda ya kamata. Ranar zuwa asibiti a zuba duk abin da ake sha a leda, har da na gargajiya, a ajiye a gaban likita.