Lacca ga matasa: sana'a, jama'a da shiri a rayuwar Alhassan Ɗantata

Assalamu alaikum warahmatullah. To 'yan uwa matasa, takardun tambayoyin da kuka turo duk na karanta, kuma kusan rabinsu magana ɗaya ce, wai malam mun gama digiri mun gama bautar ƙasa amma ba mu da hanya, ba mu da kowa a sama. Wallahi abin yana damuna, shi ya sa yau zan ɗauko mutum ɗaya da babu wanda bai san sunansa ba a nan.

Alhaji Alhassan Ɗantata a Bebeji aka haife shi, 1877, gidan Agalawa ne, fatake. Mahaifinsa ya rasu yana yaro ƙarami, mahaifiyarsa ta tafi Akra, wadda fatakenmu ke ce wa Ankara, aka bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, daga nan sunan ya samo asali. Kun ga dai a maraya ya tashi.

Abin da ya fara mallaka shi ne sanin goro. Ku kuna ganin goro a faranti kawai, amma ɗauko shi daga Gwanja zuwa Kano a wancan zamani watanni ake yi a ƙasa da jakuna a bayan madugu, kuma goro ba ya son zafi ba ya son bushewa, dole kowane 'yan kwanaki a kwance huhu a yayyafa ruwa a canja ganye a tsince mai sankara, in ka yi sakaci guda ɗaya ya ɓata maka saura, ka isa gida da asara bayan duk wannan wahalar. Wanda ya iya wannan ya iya haƙuri, ya iya lissafi, kuma mutanen ayari suna kallonsa, sun san wa za a ba ajiya.

Nan nake so ku tsaya. Jama'ar da ke ɗaga mutum su ne waɗanda suka ga aikinsa da idonsu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa, a 1918 kamfanin Niger Company ya neme shi ya zama mai saya musu. Me ya sa shi? Saboda yana da yara da dillalai a ƙauyuka waɗanda zai damƙa wa kuɗi su shiga su sayo kuma su dawo da kaya cif. Bature yana da kuɗi amma ba shi da waɗannan mutanen, shi kuwa shekaru ya yi yana tara su ta hanyar amana.

Sai shiri. Tun ana bin hanyar ƙasa yana cikin fataken Arewa na farko da suka fara ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, wato Legas, da gyaɗa ta zo bai ce ai ni ɗan goro ne ba, ya shiga. A 1929 lodin raƙuma 20 na kuɗin azurfa ya kai ajiya a reshen Bank of British West Africa da ke Kano, a lokacin da mutane ke binne kuɗi a ɗaka. Ya rasu a 1955, ga zuri'arsa nan har yau a kan kasuwanci.

Ni da idona na ga irin wannan a Kantin Kwari. Yaro ne, ba zan faɗi suna ba, shekara da shekaru yana ɗaga dilar atamfa yana share shago, amma kullum da ɗan littafinsa yana rubuta wane kwastoma daga Maraɗi yake, wane zane yake so, yaushe yake biya. Ranar da maigidansa ya sallame shi ya ba shi jari, kwastomomin nan da kansu suka nemo lambarsa.

Don haka kafin zama na gaba kowa ya ɗauki biro ya rubuta min abu ɗaya da hannunsa ya iya sosai, da sunan mutum uku da suka taɓa ganin aikinsa har za su iya tsaya masa, da inda yake so ya kai nan da shekara 5. Wanda ya rasa ukun nan ya same ni bayan sallah mu zauna. Na ji an kira la'asar, mu tsaya nan.