Jirgin Abuja zuwa Kaduna: me ke tsayar da shi, kuma don me fasinja ne na ƙarshen jin labari?

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Yau kan jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna za mu yi magana, wanda da yawanmu nan Abuja shi ne hanyarmu ta zuwa gida, ka hau a Idu ko Kubwa ka sauka Rigasa, daga nan mai zuwa Zariya ya nemi mota, mai zuwa Kano ko Katsina ma haka. Tambayar da mutane suka fi yi ita ce, wai don me abu ɗaya zai faru a wani ƙauye can tsakiyar hanya sai a ce an dakatar da jirgi kwata-kwata, kuma don me sai mutum ya iso tasha da jakarsa da yaransa sannan zai ji labari, alhali kuɗin tikiti ya fita daga akawun ɗinsa tun jiya?

To mu fara da layin kansa. Tsawonsa kilomita 186 ne, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya shimfiɗa shi da bashin da aka ciwo daga bankin Exim na can, kuma marigayi shugaba Buhari ne ya buɗe shi a Yulin 2016. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, layi ɗaya ne tal, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke bi. Kamar lungun unguwa ne da Keke Napep biyu ba za su iya gilma juna ba, dole ɗaya ya raɓe a inda ya ɗan yi faɗi ɗayan ya wuce. A jirgi, wurin raɓewar nan shi ne ƙananan tashoshin hanya irin su Asham da Jere da Rijana, inda layin ke rabuwa biyu na ɗan gajeren zango sannan ya sake haɗewa. Shi ya sa in jirgin da ya taso daga Rigasa ya makara da minti arba'in, to na Idu ma ya makara, don dole ya tsaya ya jira shi a inda za su yi musayar hanya. In kuwa tarago ya goce ya kwanta a kan layin, shi ke nan hanya ta toshe, babu zagaye, sai an kawo babban injin ɗaga kaya an janye shi, an canza ƙarafan da suka lanƙwashe, an gwada layin ba fasinja, kafin a ce jama'a su dawo.

Kuma an ga haka ba sau ɗaya ba. A Janairun 2023 jirgi ya goce a Kubwa, a 2024 an sake samun irin haka a yankin Jere da Asham, sannan ranar 26 ga Agustan 2025 wanda ya taso daga Abuja ɗauke da sama da mutum 600 ya goce a Asham, Allah ya taƙaita ba a rasa rai ba amma mutane sun ji raunuka, kuma sai farkon Oktoba jirgi ya dawo aiki. Hukumar binciken haɗurra ta NSIB a rahotonta na farko ta nuna yatsa kan mahaɗar layin da ke tashar da kuma ƙarancin kula da gyara. Ga kuma ɓarayin ƙarfe da ke kwance ƙusoshi da maƙalan layi su kai wa 'yan jari bola, wanda hukumar jiragen ƙasa NRC ta daɗe tana kuka da su, kuma wallahi duk mai yin wannan da rayukan bayin Allah yake wasa.

Mafi muni dai shi ne daren 28 ga Maris 2022, lokacin da 'yan bindiga suka dasa bam a kan layi kusa da Katari suka buɗe wa jirgi wuta, aka kashe mutane aka kwashe sama da 60 aka shiga da su daji. Rukunin ƙarshe, mutum 23, sai a Oktoban shekarar suka fito. Jirgi bai sake tashi ba sai ranar 5 ga Disamba, wata takwas ke nan da 'yan kwanaki. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Yanzu maganar kuɗi. Da aka fara a 2016, tikitin ƙaramar kujera bai kai naira dubu ɗaya ba, kuma a lokacin masu hali ba su cika waiwayar jirgin ba. Abin ya canza ne da garkuwa da mutane ta yi ƙamari a titin Abuja zuwa Kaduna, sai ka ga sanata da janar da ɗan kasuwa da ɗalibi duk an haɗu a Idu ana neman kujera. Bayan kullen korona, a Yulin 2020, ministan sufuri na lokacin Rotimi Amaechi ya sanar da sabon farashi, naira 3,000 da 5,000 da 6,000, dalilin da aka bayar shi ne za a rage fasinja saboda ba da tazara. Korona ta lafa amma farashi bai koma inda yake da ba. Da aka dawo bayan harin, a Disamban 2022, sai ya zama 3,600 ƙaramar kujera, 6,500 ta tsakiya, 9,000 babba. In ka raba 3,600 ɗin nan da tsawon hanya, kusan naira 19 ke nan kowace kilomita.

Ni dai gaskiya ba na cikin masu cewa jirgi ya zama kyauta ko ya tsaya a farashin da. Kan jirgin nan dizal yake sha, kuma kowa ya san inda dizal ya kai, kayan gyara daga waje ake shigo da su da dala, naira ta faɗi warwas tun 2023, ga jami'an tsaron da ke rakiya, ga bashin da ake bin ƙasa. An yi jirgi kyauta a hutun ƙarshen shekarar 2023 da na 2024, mutane sun ji daɗi, amma wannan na sati biyu ne. Abin da ya dame ni shi ne me kuɗin nan ya saya maka. Mutum ba kujera kawai ya saya ba, ya sayi tabbacin cewa ƙarfe kaza zai isa Kaduna, saboda yana da ganin likita a asibitin sojoji na 44, ko ɗaurin aure bayan Juma'a, ko shari'a a kotu, ko kuma daga Kaduna ya taso zai kama jirgin sama a Abuja. In tabbacin nan ya rushe, mafi ƙarancin haƙƙinsa a gaya masa da wuri.

A nan ne abin yake min ciwo. Tun Janairun 2021 aka koma sayar da tikiti ta intanet, don a rage masu saye su ɓoye su sayar ta bayan fage, kuma tun dawowar Disamban 2022 ba ka samun tikiti sai da lambar NIN. Ma'ana duk wanda ke cikin jirgin nan an san sunansa, an san lambar wayarsa, an san taragonsa da kujerarsa. To in haka ne, mene ne wahalar tura tes guda ɗaya ga duk masu tikitin jirgin safe cewa an soke tafiya? Banki na turo maka alat cikin daƙiƙa kan naira hamsin. Amma yawanci sanarwar dakatar da jirgi takarda ce da Turanci, a saka a X ko Facebook, jaridu su ɗauka. Hajiyar da ɗanta ya yankar mata tikiti a wayarsa ba ta X, dattijon da ya taso daga Suleja ko Mararaba tun asuba ya biya kuɗin mota zuwa Idu bai ga takardar ba, kuma Idu ba nan kusa ba ce, wanda ya taɓa ɗaukar drop zuwa can ya san abin da nake faɗa.

Sai kuma shirun cikin jirgi, wanda a ganina ya fi na tasha nauyi. Ka tuna fa mutanen nan suna ɗauke da tunanin daren Maris 2022 a ransu. Jirgi ya rage gudu ya tsaya cik a daji tsakanin Jere da Rijana, netwok na zuwa yana ɗaukewa, yara sun fara kuka, wata ta fara salati, wani ya leƙa taga ya ce kamar ya ga babura, kafin minti goma hoto ya shiga WhatsApp an rubuta an tare jirgi, iyalai a Tudun Wada da Kawo hankali ya tashi ana ta kira ba ya shiga. Alhali ƙila jiran ɗan uwansa kawai yake yi ya wuce, wancan jiran da na yi bayani a farko. Da ma'aikaci zai ɗauki lasifika ya ce jama'a ku kwantar da hankali, muna jiran jirgin Kaduna ne ya gilma, minti ashirin in sha Allah, ya faɗa da Hausa ya faɗa da Turanci, da duk wannan tashin hankalin bai faru ba. Ko da matsalar inji ce, a faɗa, mutane na iya haƙuri da gaskiya mai ɗaci, zaman duhu ne ke sa su firgita. Kuma in abin ya ɗauki lokaci a dawo a sake magana bayan kowane ɗan lokaci, ko da babu sabon labari.

Kada kuma mu ɗora wa ma'aikacin da ke tsaye bakin ƙofar tarago, sau da yawa shi ma ba a gaya masa komai ba, shi ke shan faɗan fasinja. Tsari ne ya kamata ya zo daga sama, a san wane ne ke da alhakin tura saƙo, cikin minti nawa, kuma saƙon ya ƙunshi abin da ya faru, da yaushe ake sa ran tashi, da makomar kuɗinka. In dakatarwar ta kwanaki ce a kai ta rediyo, Rediyon Tarayya Kaduna kaɗai ta isa ta kai saƙo har ƙauyukan da fasinjojin nan suka fito.

Maganar makomar kuɗi kuwa, a Tarayyar Turai doka ce, in jirgin ƙasa ya makarar da kai awa ɗaya za a maido maka kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti, in ya kai awa biyu rabi. Ba wai can jirgi ba ya makara ba ne, yana makara sosai, sai dai makarar tana cin aljihun kamfani, don haka suke gudunta. Mu a nan ko ba mu kai can ba, a rubuta ƙa'ida ƙarara a jikin tikiti da cikin manhaja, in an soke tafiya kuɗinka zai dawo akawun cikin kwana kaza ko a ba ka wata ranar, zaɓi naka, ba sai ka san wani a tasha ba.

Kafin a kai ga haka, ga abin da za ka iya yi ɗan uwa. Ka duba farashi da jadawalin ranar a manhajar hukuma, ka sake dubawa da daddare da kuma kafin ka fito gida. Tikiti da sunanka da NIN ɗinka za ka saya, wanda ka karɓa a hannun wani a bakin geti in an soke tafiya ba ka da hujjar neman ko sisi. Ka ɗauki hoton tikitin da shaidar biyan kuɗi ka ajiye. In tafiyar ta asibiti ce ko jarrabawa ko jirgin sama, ka tafi tun ana gobe, kada ka dogara da jirgin ranar. Ka cika cajin waya, ka riƙe ruwa da maganinka in kana shan magani. In jirgi ya tsaya a hanya kada ka tura abin da ba ka gani da idonka ba. In kuma an soke tafiya ka nemi kuɗinka a rubuce aka yi shiru, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, hedikwatarta nan Abuja take, tana karɓar ƙorafi ta intanet, ka haɗa hoton tikitin da ranar da lambar jirgin ka tura musu. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, Allah ya kai kowa gida lafiya.