Kan allura: zaɓa da kyau, kada ka kashe faifai

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla.

Abu uku zan faɗa game da zaɓen kan allurar garmaho, wanda masu gyara ke kira katirij. Na farko, manyan iri biyu ne. Akwai MM, wanda maganaɗisu ke motsi a cikinsa, akwai MC, wanda naɗin waya ke motsi. MC muryarsa ƙasa-ƙasa ce, sai an haɗa masa na'urar da za ta ɗaga ta, kuma in allurarsa ta cinye ba ka iya zare ta da hannunka. Mai farawa ya ɗauki MM, kamar AT-VM95E na Audio-Technica ko 2M Red na Ortofon. Kamfanin Shure kuwa sun daina yi tun 2018.

Na biyu, nauyin da allura ke danna faifai da shi. Jama'a, nauyi! Na taɓa shiga wani gida na tarar an ɗaure kwabo da salatif a kan hannun garmaho, wai don kada allura ta yi tsalle. Wallahi sai da na ji abin har cikin raina. Faifan mahaifinsu ne fa, ba a ƙara buga irinsa. Kowane kai da nauyin da aka tsara masa: na Audio-Technica ɗin nan giram 2, na Ortofon 1.8. Ka ɗora kwabo, ka mayar da allura garma, tana noma zanen faifai, wato layin da allura ke bi. Wani kuma ya rage nauyin don tausayi, allura ta riƙa rawa tana dukan gefen zanen, nan ma ɓarna ce. Sayi ɗan sikeli ka auna. Ka auna, na ce. Ga ƙurar hunturu, in ba ka goge faifai ba, ita da allura ke haɗuwa su ci shi.

Na nawa muke? To, na uku, bakin allura: akwai mai zagaye, akwai mai siffar ƙwai, na biyun ya fi tsamo ƙananan sautuka...

Na'am, Baba? Faya-fayan da ke juyi sau 78 a minti? Allah ya saka da alheri. Kada ku kusance su da allurar da na ambata. Zanensu ya fi faɗi, suna son allura mai kauri kusan ninki huɗu, siririya faɗawa take ƙasan zanen, sai ƙara kawai. Kuma fashewa suke kamar tangaran, don haka hannu biyu, Baba. Guda nawa kuka ce suna cikin akwatin?