Kafin Ka Sa Giya: Sake Duba Gyaran Da Ka Yi Da Hannunka

Assalamu alaikum. Na ga hannayen wasunku, na san ba yau kuka fara riƙe sifana ba, don haka ba na zo koya wa kowa kwance taya ba ne. Maganata a kan mintoci goman ƙarshe take, lokacin da aiki ya ƙare, baya na ciwo, mutum ya ƙosa ya wanke hannu.

Bari in fara tona wa kaina asiri. Wata rana na canza takalman birkin gaba, na sauke mota daga jak, na tayar, na sa ribas. Ina taka birki sai ƙafata ta zarce har ƙasa, kamar iska na taka. Birkin hannu ne ya raba ni da bango. Me ya faru? In za ka sa sabon takalmi, dole ka tura fistin birkin, wato ƙarfen da ke matse takalmin, ciki, kuma ba zai dawo ya kama ba sai ka yi ta taka birkin har ya yi tauri. Na san wannan sarai, na ma sha gaya wa wasu. Amma ran nan zuciyata ta ce mini na yi, alhali niyya kawai na yi.

To ka ji inda gizo ke saƙar. Wanda ya yi aiki, abin da ya yi nufi yake tunawa, ba abin da hannunsa ya aikata ba. Shi ya sa a gyaran jirgin sama, in an taɓa sassan da ke sarrafa jirgin, sai wani daban ya zo ya duba ya sa hannu, kayan aiki ma sai an ƙirga. Kai ba ka da mutum na biyu da zai duba maka, sai ka zama shi. Ka tashi ka ɗan zagaya, ka dawo da idon mai neman laifi, kuma kowane noti ka ɗora masa sifana, kada ka tsaya ga kallo.

Notin taya, ba a bin su a jere. Ka ɗaure wannan, ka tsallaka zuwa wanda ke fuskantarsa, kamar kana zana tauraro, don tayar ta zauna daidai. Ɗaurin ƙarshe sai mota ta sauka ƙasa. Yawancin ƙananan motoci suna neman tsakanin Nm 100 da 140 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), takamaiman adadin yana cikin littafin motarka, kuma sifana mai ma'auni ce ke ba ka shi. Hawa kan sifana da ƙafa ba ƙarfi ba ne, miƙar da ƙusar da notin ke kai ne. Bayan kilomita 50 zuwa 100, ka sake bin su.

Masu juyen baƙin mai, ku saurara da kyau. In kun cire tsohuwar filta, ku juya ta ku ga robarta ta fito tare da ita. Takan manne a jikin injin, ka ɗora sabuwa a kai, roba biyu, kana cikin tafiya mai ya tsiyaye, injin ya buga. Ka tayar na minti biyu, ka leƙa ƙasa da tocila, ka kashe, ka jira mai ya kwanta, sannan ka auna.

Kafin rufe bonet, ƙirga kayanka. Tsumma ɗaya kusa da fanka ya isa ya ɓata maka rana.

Gwajin farko kuma a hankali, inda ba cunkoso, rediyo a kashe, gilas a sauke, kunne a buɗe. Da ka dawo, shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana a kai. Da safe in ka ga ruwa garau ta wajen na'urar sanyaya ciki, wato AC, ba komai. Kore ko ja-ja, duba lagireto, amma sai injin ya huce. In kuwa ɗigon ta bayan taya yake, mai santsi, makullin nan ya koma aljihu sai ka gano daga ina man birkin ke fita.