Abin da Likita ke Karantawa a Jikin Yaro

"Faɗowa ya yi daga kan gado."

Likitocin yara sun ji wannan magana ba adadi, kuma galibi gaskiya ce, domin yaro da ƙiriniya sai Allah. Amma idan jariri ne ɗan wata uku, ko juyi bai fara ba, aka shigo da shi da karayar cinya, likita zai ajiye biro ya ɗago kai: "Mama, sake faɗa mini, yaya aka yi ya faɗo?"

Labari yake aunawa da rauni. Yaron da ya ji ciwo wajen wasa, a gwiwa ake gani, ko ƙwauri, ko goshi. Kunne da wuya da ciki da gadon baya kuwa ba nan ƙasa ke fara samu ba. Wayar wuta idan aka ninka ta aka zabga wa yaro, shatinta yakan fito a lanƙwashe, babu faɗuwar da ke yin wannan zane.

Ku dubi ƙuna. Yaron da ya jawo butar shayi, ruwan fantsama yake yi, nan ya ci sosai, can kaɗan. Wanda aka tsoma wa hannu a tafasasshen ruwa don hukunta shi kan ɗaukar tsokar nama a tukunya, ƙunarsa takan tsaya cak a wuyan hannu, layi ɗaya, kamar an sa masa safa. Kowane yaro ya ji zafi fizge hannu yake yi. Wannan riƙe shi aka yi.

Abin da fata ta ɓoye, hoton ƙashi kan tona shi. Tun 1946 wani likitan hoto a Amurka, John Caffey, ya lura da jarirai masu taruwar jini a cikin kai haɗe da karayar ƙashi. A 1962 Henry Kempe da abokan aikinsa a birnin Denver na Amurka suka fito fili suka ce duka ne ke jawo irin waɗannan raunuka. Har yau abin da ke tayar wa likita hankali ke nan: haƙarƙari ya karye, wani sabo, wani ya fara haɗewa, alamar ba yau aka fara ba. Shi kuwa jaririn da aka jijjiga da ƙarfi don ya ƙi daina kuka, yana iya zuwa da amai ko suma, alhali babu ko ƙwarzane a jikinsa.

Sai jinkiri. An kwana biyar ana zaga kemis da mai ɗori, ciwo ya yi ruwa, sannan aka zo, uba na faɗin wani abu, uwa na faɗin wani.

Amma fa a yi adalci. Talauci ba sakaci ba ne. Uwar da ta kawo ɗanta da tamowa don tukunya ta yi kwana biyu ba a ɗora ba, taimako take bukata, ba tuhuma ba. Akwai cutar da ke hana jini daskarewa, akwai mai sa ƙashi rauni, kuma tabon sakiya ko tsagar wanzami magani aka nema da su, ko da yake suna cutarwa. Shi ya sa ake gwaji kafin a nuna wa kowa yatsa.

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2014 ya nuna yara 6 cikin 10 a Najeriya na fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma 'yan ƙalilan ne ke samun taimako. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 tana nan, sai dai doka ba ta ganin abin da ke faruwa a tsakar gida.

Idan zargi ya yi ƙarfi, akan kwantar da yaron ko da ciwon bai kai a ba shi gado ba, don kada ya koma gidan a daren. A rubuta raunukan ɗaya bayan ɗaya, a kira jami'an jin daɗin jama'a, a zauna da shi shi kaɗai a tambaye shi a hankali. Sannan a tambayi ko akwai ƙannensa a gida.